Goron Kefas

Sati uku Kefas bai ɗauki jikarsa ba. An haife ta a gidansa da ke Dabai, aka sa mata suna Rachel, amma daga bakin ƙofa yake leƙenta. Tun da tari ya kama shi bayan sussukar dawa, aka duba kakinsa a wani ƙaramin asibiti aka ce an ga alamar tarin tibi, matarsa Saloma ta ware masa kwano da kofi, ta ɗaura musu jan zare. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu a soja, ga shi jan zare ya tsare shi. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Kafin a fara ba shi magani sai aka tura shi Zuru, inda wasu masu bincike suka kawo sabon madubin duba ƙwayoyin cuta a shekarar 2008. An haɗa madubin da kyamara da kwamfuta, duk abin da ido ɗaya ke lalube a da, yanzu kowa na iya ganinsa a allo.

Bushira, ma'aikaciyar ɗakin gwajin, ta shafa kakin a gilashi, ta rina shi, ta sa a madubin. Jajayen ɗigo suka fito. Kefas ya ƙura musu ido, domin an gaya masa ja shi ne cutar.

Ita kuwa ko a jikinta. Ta ƙara girman hoton, ta sa kwamfutar ta auna tsawon ɗigon da faɗinsu, ta jera su kusa da hoton ƙwayar tibi ta gaske. Waccan siririya ce kamar tsinke. Nasa kuwa gutsattsari ne masu kauri, da 'yan ɗakuna a ciki kamar saƙar zuma.

"Baba, mi ka sa a baki kahin ka ba da kakin ga?"

"Ban ci komai ba, 'yata. Sun ce kada in karya, ban karya ba."

"Ko goro?"

Kefas ya dube ta da mamaki. "Goro ai ba abinci ba ne."

Bushira ta danne dariyarta, ta nuna masa allon. Ta ce wannan ɓarɓashin goro ne ya riƙe rini, a tsohon madubi mai dishi-dishi kuwa sai ya yi kama da cuta. Amma ba ta sallame shi haka nan ba. Kwana biyu a jere ya dawo da safe, ya kurkure baki a gabanta, ta karɓi sabon kaki. Ta bi gilashin lungu-lungu, ba ja ko ɗaya. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce ƙaiƙayin dawa ne ya shaƙa.

Ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gida da hantsi. Ya miƙa wa Saloma takardar sakamakon gwajin, bai jira ta gama karantawa ba, ya wuce ɗakin mai jego. Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba.

"Ku ba ni ita," ya ce.

Aka ɗora masa Rachel a hannu. Ta fi yadda ya zata nauyi, sati uku ba wasa ba ne. Ya sunkuya har numfashinsa ya taɓa goshinta, bai kau da kai ba. A tsakar gida Saloma na ta fama da ƙullin jan zaren, da ya ƙi kwancewa sai ta sa haƙori.