Kafin Boka Ya Iso

Habsatu ta iso gindin gawon da gudu, zanenta ya jiƙe sharkaf. Mutanen ƙauyen sun yi cirko-cirko, ba mai matsawa. 'Yarta Shatu na kwance a ƙasa kusa da fasasshen tulu. Aradu ce ta faɗa kan itacen.

Kowa a wannan yanki na Arewa ya san wanda aradu ta taɓa ba a sa masa hannu sai boka ya yayyafa madara. Wanda ya yi gaggawa, kansa za ta dawo. An aika ƙauyen gaba a kira boka Sallau, wata Bafulatana ta kawo madarar a ƙwarya, aka danƙa wa Habsatu. Ta tsaya riƙe da ita, tana kallon numfashin 'yarta yana ja da baya.

Sai ga Jibo, mijin Shatu, daga gona. Tun da ya dawo daga aikin gina hanyar mota na Nasara a Dogon Dutsi ya ce shi Kirista ne, Habsatu take son sanin me mutanen nan ke yi idan ta ɓaci. Ba laya, ba jar kaza, ba komai. Kunyar surukuta ta hana ta tambaya.

"Kak ka taɓa ta, Jibo," in ji wani dattijo. "Bari Sallau ya taho."

Jibo bai taɓa ta ba. Ya durƙusa cikin taɓo, ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Haushi ya turnuƙe Habsatu. Au, abin nasu ke nan, mace na mutuwa, namiji ya rufe ido? Duk da haka ta ɗan matsa ko za ta ji.

Bai daɗe ba ya miƙa hannu ya ɗaga kan matarsa. Jama'a suka ja baya, kowa na duban sama. Ya juya ta, ya share mata taɓon da ya toshe hanci, yana murza bayanta yana kiran sunanta. Can Shatu ta yi tari, ta nemi ruwa.

Habsatu ta kafa mata ƙwaryar a baki. Sannan, karo na farko tun ranar aure, ta yi wa surukinta magana, fuskarta a gefe.

"Kai, yaron ga. Wanda ka roƙa, mi ka ce mishi?"

"Na ce, Yesu, ga Shatu, ni kau tsoro nika ji."

"Shi ke nan? To, ya amsa?"

"Ban ji komi ba, Inna. Hannuna dai ya bar rawa."

Ta jinjina maganar. Da Jibo ya sunkuya zai ɗauki matarsa, Habsatu ta tsoma yatsu cikin sauran madarar, ta yayyafa masa a baya bai sani ba.