Inna Asta Ba Ta Hawa Bene

Ranar kasuwar Batsari, a bayan kara inda ake ɗaure shanu, Haliru da Muntaka suka tafa. Sharaɗin ba shi da tsawo. Da an gama yankan gero, Haliru zai kai garkensa ya kwana ashirin a gonar Muntaka ta ƙauyen Zakka, su zuba mata taki. Shi kuma Muntaka zai sa ƙanensa Alhaji Hamidu, ɗan kwangila a birnin Katsina, ya sauki Haliru da tsohuwarsa har likita ya gama da idonta.

"Bene ne fa, ɗan Fulani," in ji Muntaka. "Ga lantarki, ga fanka tana juyi bisa kanka. Kai da ka saba kwana gindin ƙirya!"

"Shanuna ma ba gonar kowa suke kwana ba, Kaɗo," in ji Haliru. Sai dai a ransa ya ji ya ci riba.

Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe wa Inna Asta, mahaifiyar Haliru, ido biyu. Haliru kuwa ɗanta ne na fari, ita kuma irin tsofaffin nan ce masu riƙon kunya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta dubi fuskarsa ba. In tana da magana da shi, sai ta gaya wa duk wanda ke kusa, in babu kowa ta gaya wa iska. Ƙanwarsa tana aure can wajen Maraɗi, matarsa kuma tana jego, dole tafiyar ta faɗo kansa.

Suka shiga motar gwangwaro daga Safana, suka sauka Katsina da azahar. Benen nan kuwa gaskiya ne, har fenti bai gama bushewa ba. Amma matakalarsa ta waje take, hawa goma sha huɗu, babu abin dafawa, bayan gida kuma yana ƙasa. Inna Asta ta laluba hawan farko da ƙafa, ta laluba na biyu, ta ja baya.

"A tambayi wancan," ta ce, "a rumbu za a zuba ni?"

Haliru ya miƙa hannu zai kama ta. Ta ji motsinsa, ta cusa hannuwanta cikin mayafi, ta zauna a ƙasa daram.

"Gobe a mai da ni ruga. Can na san inda tulu yake, na san inda turke yake."

Saura kwana huɗu ranar da likitan ido ya ba su, kuma an gaya wa Haliru wanda ya kuskure sai baɗi. Ya kuma san tsohuwa, in ta ce gobe, goben ce.

Ya bar ta a inuwa ya zagaya gidan, yana kallonsa yadda yake kallon sa a kara, ba ta inda mai shi ya nuna ba. A can baya ya tarar da wani ɗaki na ƙasa, ƙofarsa daidai da tsakar gida, famfo na nan kusa, bayan gida taku kaɗan. Ga ragunan Alhaji a ɗaure jikin bangon. Wani akawu ne a ciki, Armaya'u, da amaryarsa Zuwairatu.

Haliru bai roƙe su ba, ya san wanda ya roƙa shi ake tsuga wa. Ya tsuguna bakin famfo yana alwala, yana mita yadda za a ji.

"Wannan sama ai wahala ce. Iska ta ko'ina. Fankar nan sai ta sa mutum mura. Ka leƙa taga, gari duka a ƙarƙashinka, har jiri."

Zuwairatu ta leƙo. "Malam, kai aka ba ɗakin sama? Mu da muke shaƙar warin tumaki wata shida?"

Kafin la'asar sakaliya an yi musayar ɗaki, akawu da kansa yake ɗaukar gadon ƙarfe yana hawa. Alhaji Hamidu ya ce shi dai Fulani sun fi ƙarfinsa, ya shiga motarsa. Inna Asta ta shiga ɗakin, ta ja numfashi, ta ji warin dabbobi. "To," ta ce, "nan gidan mutane ne."

Saura hanyar asibiti. Washegari Haliru ya bi ta shi kaɗai sau biyu. Gajeriyar sai an ƙetare babban titi, ga shi a shekarar ne aka koma tuƙi ta hannun dama, direbobin ma kansu a rikice suke. Ya zaɓi doguwar, ta cikin lunguna, mai kwata biyar. Ya zo da sanda ya ce ko za ta kama bakin sandar ya ja ta.

"A gaya masa ni ba bara na zo ba."

Sai Haliru ya tuna wani abu. Matar nan shekara hamsin tana bin garke in an tashi ƙaura, sau da yawa ba ta ko ɗaga kai, kunne ne ke kai ta. Ranar zuwa asibiti sai ya wuce gaba taku uku, yana kaɗa harshe yadda yake kiran 'yan maruƙa. In sun zo kwata ya buga sanda sau biyu a bakinta, ta laluba ta tsallake. Ba ta taɓa shi ba, ba ta kauce ba.

Wani tela ya leƙo daga shagonsa. "Ɗan Fulani, mun ji kira, ina saniyar?"

"Ga ta nan," in ji Inna Asta, "kuma tana tunkuyi."

Aka yi aikin ido ɗaya, aka naɗe. Ranar kwancewa, malamar asibiti Asama'u ta tsayar da Haliru a gaban gado.

"Iya, wa kike gani?"

Tsohuwa ta kawar da kai.

"Iya, wane ne a gabanki? Faɗi sunansa."

Tsohuwa ta ƙara kawar da kai. Asama'u ta dubi likita, ta girgiza kai. Haliru ya kasa gane ko kunya ce, ko kuwa idon ne bai buɗe ba.

Can sai Inna Asta ta jawo gefen rigar malamar. "Yarinya, wancan mai shuɗiyar riga, yaushe ya yi furfura haka? Kuma wa ya bar shi ya fito birni da yagaggen aljihu?"

Haliru ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

In ana lissafin wanda ya samu, Muntaka ya samu, don da shekara ta zagayo, geron gonarsa ta Zakka har maƙwabta suka zo kallo. Inna Asta ta samu ido ɗaya, kuma ta ce ya ishe ta. Zuwairatu ce ta tafka hasara, ashe ruwan famfo ba ya hawa sama, kullum tana kan matakala da bokiti. Haliru kuwa, shi ya ce a sa shi cikin waɗanda suka yi hasara, don tun da tsohuwa ta dawo ruga babu saniyar da za ta rame ba a aiko masa da saƙo ba. Amma yana faɗi yana dariya.