Yadda Alkunya Ta Ci Aina'u

Da kaka aka kawo wa Barira yarinyar, ana tsakiyar yankan gero. Aina'u sunanta, 'yar ƙanwar Barira ce, shekarunta ba su wuce takwas ba. 'Yan bindiga ne suka shiga ƙauyensu can yamma, suka kashe uban a ƙofar gida, uwar kuma ta cika a hanyar asibiti. Ita yarinyar a cikin rumbu aka tsince ta. Dangin uba sun watse, kowa na neman inda zai sa kansa, shi ya sa aka ce a kai ta ƙasar Bagwai wurin yayar uwarta, tunda ita Allah bai ba ta haihuwa ba.

Barira ta karɓe ta hannu bibbiyu, mijinta Nababa ma bai yi ƙorafi ba. Amma riƙon bai zo da sauƙi ba. Aina'u ba ta magana sai da kai. In an ba ta tuwo sai ta gutsiri rabi ta cusa ƙarƙashin tabarma, har ɗaki ya ɗauki tsami. Ga fitsarin kwance. Da ta ji ƙarar babur a bakin hanya sai ta shige bayan randa ta toshe kunnuwa. Ran nan ɗan maƙwabta ya dafa ta ta baya yana wasa, ta gantsara masa cizo har jini.

Matan unguwa kuwa, da ma ba a rasa su da magani, in dai ciwon ba a ɗakinsu yake ba. Wannan ta ce iskokai ne, a kai ta ruƙiyya. Waccan ta ce sangarta ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Barira ta biye wa ta biyun sau ɗaya, ta karyo tsumagiya ta zuba mata. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta gudu ba, ta tsaya ƙiƙam kamar turmi tana kallon bango. Barira ce ta koma madafa ta yi kukan, don ta san ta yi zalunci.

Malama Sa'adiyya ce ta buɗe mata ido. Ita ke koyar da ajin su Aina'u a firamaren ƙauyen, kuma an taɓa tura ta bita Kano a kan yaran da suka ga tashin hankali. Ta shigo wata la'asar ta zauna a kan tabarma, suka gaisa.

"Inna Barira, yarinyar nan ba aljani gare ta ba, ba kuma taurin kai ba ne," in ji ta. "Tsoro ne ya zauna mata a jiki. Wanda maciji ya sara, ai in ya ga tsumma sai ya gudu."

"To, Malama, ya zan yi da ita? Wallahi na rasa ta inda zan kama."

"Ki bar mata tuwonta. Samo mata ɗan kwano mai murfi, ki ce nata ne, ba mai taɓawa. Kada a riƙa zo mata ta baya. In za ki fita, ko gidan suna ne, ki gaya mata inda za ki da sa'ad da za ki dawo, kuma ki dawo ɗin. Ita duk wanda ta sani, rana ɗaya ya ɓace mata. So take ta ga wanda ba ya ɓacewa."

Barira ta riƙe wannan kamar karatu. Matan unguwa suka sa mata ido suna dariya, wai babba da ita tana neman izinin fita wurin 'yar ƙanƙanuwar yarinya. Ta toshe kunnenta. A makaranta Malama ta mayar da Aina'u kujerar bakin ƙofa, inda za ta ga mai shigowa. Kafin damina ta kama, fitsarin ya ragu. Da aka fita shuka, Aina'u ce ke bin bayan Nababa tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Wata rana ma Barira na tsintar gyaɗa ta ji an ce, "Inna, yunwa nake ji." Ta yi kamar ba komai, ta tashi ta dama mata fura.

Ana haka, bayan an yi girbi, sai ga baffan yarinyar, Zubair, ƙanen ubanta. Ya samu wurin zama wajen Minjibir, yana noman haya, yana da mata da yara cike da ɗaki. Gaskiyar magana, ba don yana son ƙarin baki ya zo ba. Gori ne ya ishe shi. Duk inda ya zauna sai a ce, "Kana raye, 'yar yayanka na hannun dangin uwa, kamar ba ta da kowa?" Ya zo ne ya nema don a ce ya nema, yana addu'a a ransa Allah Ya sa a hana shi.

Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Nababa na gefe, Barira ta zauna nesa kaɗan. Aina'u na bakin ɗaki, ba wanda ya kula da ita.

"Yaya Barira, godiya muka zo yi," in ji Zubair. "Kin yi mana abin da ba za mu iya biya ba. To, mun ce nauyin ya isa haka, in ba damuwa mu ma mu ɗan karɓe ki."

Abin da ke bakin Barira shi ne, a'a, yarinyar nan ba ta warke ba, in kun ɗauke ta kun kashe ni. Amma wa ya taɓa jin dangin uwa sun hana dangin uba 'yarsu? A yi da ita a gari, a ce don ba ta haifa ba ta ƙwace ta mutane? Haka aka tarbiyyantar da ita: in an yi maka kara, ka rama da kara. A zatonta, in ita ta ce ga ta, shi sai ya ce a'a ki riƙe, kowa ya tashi da mutuncinsa.

"Haba Malam Zubair," ta ce, tana murmushin da bai kai ciki ba. "Ai 'yarku ce. Mu ajiya aka ba mu. Duk ran da kuka so, ga ta nan."

Ta jira ya ce a'a. Shi kuma ya duba ya ga an miƙo masa a gaban Nababa, in ya ja da baya ya tabbata wanda ya ƙi jininsa. Sai ya ce, "To, Allah Ya saka da alheri. Gobe kasuwa, sai mu wuce tare." Nababa ya buɗe baki ya rufe, don ba huruminsa ba ne. Magana zarar bunu ce. Manya uku, ba mai son yarinyar ta tafi a cikinsu, kuma ba wanda ya iya faɗa.

Da Barira ta waiwaya, Aina'u na nan a bakin ɗaki. Ta ji komai. Yaro bai san kara ba, abin da ya ji da kunnensa shi ya sani.

Washegari Aina'u ba ta yi kuka ba. Aka ɗaure mata kayanta a ɗankwali, ta bi bayan baffanta. Mata suka yi ta yaba wa Barira, wai ta cika 'yar halak, ta san hakkin mutane. Malama Sa'adiyya kaɗai ce da ta ji labari ta zo ta tsaya a ƙofa ta ce, "Inna, me ya sa ba ki ce a'a ba?" Barira kuwa haushin kanta take ji, da na Zubair, da na duk wanda ya koya mata cewa kunya ta fi gaskiya.

Ta daure har rani ya yi nisa. Da abin ya fi ƙarfinta ta soya ƙuli-ƙuli, ta hau mota zuwa Minjibir, da niyyar yau kam za ta ajiye kunya ta roƙi a ba ta 'yarta.

Matar Zubair ta tarbe ta da fara'a. "Ai 'yarki ta warke sarai, Yaya. Ba ƙiriniya, ba cizo, ko muryarta ba ma ji. Inda ka ajiye ta nan za ka tarar da ita. Kwana biyu ta yi mana 'yar taɓara, baffanta ya gyara ta."

Aina'u ta fito da kwanon ruwa. Ta rame. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa, ta koma gefe ta zauna tana kallon ƙafafunta. Barira ta san wannan shirun, ba warkewa ba ce.

Da Zubair ya dawo ta yi masa maganar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, yanzu in na mayar da ita, cewa za a yi na kasa. Amma a tambaye ta, in tana so ba zan hana ba."

Aka ba su wuri. Barira ta matsa kusa, ta gaba, yadda Malama ta koya mata.

"Aina'u, ni ce Innarki. Na zo in tafi da ke gida. Za ki bi ni?"

Yarinyar ta girgiza kai.

"In na bi ki, wani zai zo ki ce ga ta nan."

"Wallahi ba zan sake ba, 'yata."

"Kada ki ƙara zuwa, Inna," in ji ta, a hankali, ba fushi a muryar. "In kin zo, sai kin tafi."

Ta ɗauki kwanon ruwan ta shige ciki. Barira ta zauna a kan tabarmar mutane, ƙullin ƙuli-ƙulin na cinyarta, har aka kira la'asar, matar gidan ta leƙo ta ce mata in ba ta hanzarta ba motar Bagwai za ta wuce ta.