Jarka Mai Kilo Shida

Ranar da na zame a matakalar benenmu, 'yata tana hannuna, watanta uku. Wani ne ya zubar da ruwan wanki a hawa na biyu bai goge ba. Na faɗi ta baya, ita tana kan ƙirjina, ƙeyata ta daki gefen siminti. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ni kuwa likita ya duba hoton kaina ya ce ba abin da ya fashe, ƙwaƙwalwa ce ta jijjiga, in je in huta.

Na huta kwana goma, na ce ai shi ke nan. Da hantsi na miƙe daga bakin gado da yarinya a kafaɗa, sai ɗakin ya juya da ni. Ba don Yayata tana kusa ta cafe ta ba, da wani labarin ake yi yanzu. A ranar maigidana ya kafa doka, kuma ban yi musu ba duk da bakina ba ya mutuwa: in riƙe ta a zaune, in shayar da ita a zaune, amma ban da tsaye.

Ita kuwa yarinyar ba ta san zama ba. In ta ɓare baki, sai an saɓa ta an yi ta zagaya ɗaki. Don haka Yaya ta dawo gidanmu da zama, ita ke zagayen. Ni ina kujera kamar baƙuwa, a miƙo min ita ta sha, a karɓe. Wallahi kishin Yayata nake yi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ina jin kunyar kishin.

Da aka yi wata guda jiri bai sake ni ba, aka tura ni sashen gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti. Can na tarar da wata siririyar ma'aikaciya da marasa lafiya suka laƙaba wa Saura-Ɗaya, don in ta ce saura ɗaya, to ka shirya wa biyar. Ta manna takarda mai harafi guda a bango, ta ce in kafa masa ido ina juya kai dama da hagu. Na raina aikin. Kafin in ƙirga ashirin, harafin ya zama uku, na damƙi kujera.

"Daga ɗaya zuwa goma, jirin nawa ne?"

"Biyu," na ce.

"Biyu ne kika damƙi kujera haka? Baiwar Allah, ba jarrabawa nake miki ba. In kin ɓoye min, ke za ki kwana a ciki."

"To, bakwai."

Ta yi min bayani cewa idona da cikin kunnena da wuyana sun daina jituwa, sai an sake koya musu. A tsokani jirin kaɗan kullum, a tsaya kafin ya yi yawa. Ta ce sau uku a rana. Ni da na fi kowa wayo na koma gida na yi sau goma. Kwana biyu ina kwance labule a sake, ina amai, ina jiyo kukan 'yata daga falo.

Da na koma ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Ina kike saurin zuwa?" Na gaya mata komai, har kishin. Sai ta tambayi nauyin yarinyar. Na ce kilo shida.

A zama na gaba ta miƙo min jarka cikin rigar filo, da ruwa kilo shida a ciki, ba a cike ba.

"Da yashi zan ba ki, amma yashi ba ya motsi. Ruwa yana fizgar mutum kamar yaro. Saɓa ta."

Da jarkar nan na koyi tashi daga kujera. Da ita na tsaya kan soso mai kauri, na bi farin layi a baranda ina waiwaye, na sunkuya na ɗauki cokali a ƙasa. A makon farko sau biyu tana suɓuce min. Duka biyun na zauna a ƙasa na yi kuka, domin na san abin da na yar. Saura-Ɗaya takan bar ni in gama, ta ɗauko jarkar ta ɗora min a cinya.

Yarinya kuma ba ta jira ni ba. Duk sanda aka auna ta sai mu ƙara ruwa, ina bi tana gaba. Na fara hawa matakalar gidanmu da jarkar, maigida yana bayana. Telan da ke ƙasan bene ya samu abin yi.

"Maman jarka, ya ɗan namu? Ya fara haƙori?"

"Ya fara, kuma kai zai fara cizo."

A mako na tara, ruwa ya kai kilo bakwai da rabi, ta kai ni matakalar asibiti. Hawa uku sama, hawa uku ƙasa. Tana kirana ta baya don in waiwaya, tana tafa hannu ba zato. Da muka sauko ta ce, "Nawa?" Na ce ɗaya. Ba fuskata ta kalla ba, hannuwana ta kalla.

"Na yarda. Je ki ɗauki 'yarki. Cikin ɗaki tukuna, matakala sai mun sake haɗuwa."

Na iso gida da yamma na tarar da yarinyar tana kuka a kafaɗar Yaya. Na ajiye jaka, na wanke hannu, na ce, "Yaya, kawo ta." Maigida ya miƙe zai yi magana, na yi masa wani kallo, ya koma ya zauna.

Na karɓe ta a tsaye. Ƙasa ba ta motsa ba, bango yana inda yake. Amma yarinyar ta banƙare, ta miƙa hannu biyu wajen Yaya tana tsala ihu kamar an sace ta. Duk shirin da na yi, wannan ban shirya masa ba. Yaya ta miƙo hannu saboda sabo, sai ta janye, ta shige kicin ta turo ƙofa.

Na zagaya falo. Na jijjiga, na yi waƙa, na kira ta da duk sunan da na sani. Kuka sai ƙaruwa.

"Ko a ba Yaya ta lallashe ta, sai ki karɓa?" in ji maigida.

"Ba wanda zan ba."

Sai muryar Yaya ta fito ta bayan ƙofa, a shaƙe, da ji ita ma kukan take yi.

"Ba ta son kafaɗar dama, mayar da ita hagu. Kuma daina jijjigawa, shafa bayanta a hankali."

Ni na haife ta, amma ban sani ba. Abin ya soke ni har rai. Na haɗiye, na mayar da ita hagu, na shafa. Kukan ya ragu zuwa shessheƙa, ta cusa yatsunta a wuyan rigata.

"Sai kuma me, Yaya?"

"Ki yi ta tafiya kawai. Ba ta son a tsaya."

Na ci gaba da tafiya.