Cikin Jirgin Baba Barmo

Ruwan butar shayi bai gama hucewa ba na tsoma daɓen jirgin a ciki, Baba Barmo yana ta ce mini in bi a hankali, sai ka ce jaririya nake wa wanka. Daɓen nan bai kai faɗin farcen babban yatsana biyu ba. Ya iso a lanƙwashe, don kwana uku kwalinsa ya yi a tashar kar, motar fasinja, cikin zafin bazara kafin a tuna a aiko mana.

"Hiddo shi yanzu, Bara'atu. Aza shi bisa madubi ki danne."

Na danne da yatsa har ya huce, na ɗaga, sai ga shi ya miƙe sumul. Inna Hindu, matarsa, tana gefe tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce ita dai ta ga tsufa iri-iri a Malbaza, amma ba ta taɓa ganin wanda ake dafa jirgi a butar shayi ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Ni lalle nake wa mata, maigidana Mahaman yana jan motar siminti, rabin mako ba ya gari. Baba Barmo kuwa ya yi shekara talatin yana gyaran injuna a kamfanin siminti kafin ya ajiye aiki. 'Yarsa Fadila, da take aikin jinya a Faransa, ita ta fara aiko masa da kwalayen nan na ƙananan jiragen sama na roba da ake haɗawa gaɓa gaɓa, wai don kada zama ya ishe shi. Ya haɗa goma sha ɗaya, duk suna rataye a ɗakinsa da zaren kamun kifi, Inna tana kakkaɓe musu ƙura tana mita. Daga baya hannunsa ya kama rawa, yanar ido kuma ta rage masa gani. Sai ya aiko Inna ta gaya mini cewa hannun da ke zana fure a tafin amarya ba zai kasa ɗiga gam ba. Na yi dariya na tafi, ina cewa kwana biyu ne zai gaji.

Jirgi na goma sha biyu dabam yake. Ƙarami ne, ruwan ɗorawa, mai farfela ɗaya a hanci, irin na feshin magani. A shekarar da fara ta sauka a gonakin Tajaye, Baba yana saurayi, aka ɗauke shi aikin tsayawa a bakin gona da tuta don matuƙin ya san inda zai bi. Wata biyu cur jirgin yana wucewa ta saman kansa, ƙasa ƙasa, har iskarsa tana tuɓe masa hula. Ya san ƙasan jirgin nan daga waje kamar yadda na san gindin tukunyata, ya san kowace ƙusa da inda mai yake tsiyaya. Matuƙin ya yi masa alkawari in aiki ya ƙare zai ɗauke shi su zaga sau ɗaya. Ranar da ya yi wanka ya sa rigar sallarsa ya isa filin da jirgin yake sauka kusa da Ƙonni, sai ya tarar da gangunan mai kawai. An kira jirgin wani wuri tun da safe. Har ya tsufa bai taɓa taka matakalar jirgi ba.

Da kwalin ya zo, ya sa na buɗe ɓari biyun na jikin jirgin, ya lalubi wurin zaman matuƙi, ya ji ba komai sai ɗan allo da wani dunƙule. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Fadila ce ta yi ta bincike har ta gano akwai wasu masu sana'a da suke zuba kayan ciki dabam, da wani abu da ake kira rezin, mai kama da ƙaro in ya daskare. Nasu ya fi na kwalin fitowa sarai: kujera da ɗamararta, allon agoguna, matakan ƙafa, da sandar tuƙi siririya kamar gashin tsintsiya. Su ne suka iso a lanƙwashe. Baba ya kafa mini doka ɗaya, kada in haɗe ɓari biyun sai ya ga cikin a gama.

Na ce masa ai in an rufe, ta 'yar tagar nan ko gefen kujera da ƙyar za a hango, wa zai san wahalar da muka sha?

"Ni," in ji shi. "Ni nika son in gani."

Haka muka yi ta yi kowace hantsi a ƙarƙashin rumfarsu. In wanke kayan da sabulu don fenti ya kama, in yanke su daga gindinsu da reza, in goge da samfefa a cikin ruwa don ya ce ƙurar rezin ba ta da kyau ga ƙirji. Da matsefatar cire ƙaya nake ɗaukar su. Shi yana kishingiɗe da madubin ƙara girma a hannu, yana ba da umarni kamar har yanzu yana da yara a ƙarƙashinsa a kamfani. Wani lokaci sai ya bi sama da ido, ko da ba komai a can sai shirwa. A irin wannan lokacin nakan ji kamar rumfar ma ta ɗan ɗaga daga ƙasa, har sai akuyar Inna ta yi kuka mu dawo.

Ranar da na zo kan kujera na tambaye shi wane launi zan shafa mata, don takardar da ta zo da kayan ba Faransanci ba ce, ba mu san ko yaren wace ƙasa ba ne. Ya ajiye madubinsa a gefe.

"Ban sani ba, ɗiyata. Ban taɓa leƙawa ba."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Inna Hindu ta tashi, ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar jakarta ta jar fata wadda ta zo da ita gidan tun tana amarya. Ta yanko ɗan ƙyalle daga bakin, ta kankare shi da wuƙa har ya zama kamar ɓawon albasa, ta ajiye a gabana. Ta ce in dai za a zauna, a zauna a kan abin kirki.

Damina na gabatowa ƙafafunsa suka kumbura. Mahaman ya nemo mota aka kai shi asibiti, suka dawo da magunguna cike da leda, amma na lura likita ya keɓe Inna ya yi mata magana, ita kuma ba ta maimaita wa kowa ba. Daga kujera Baba ya koma tabarma, daga tabarma ya koma gado. Na kwaso aikin na dawo da shi gidana, ina yi ina sauri, na mayar da amare biyu da lallensu wurin wata.

Saurin ne ya cuce ni. Rezin ba roba ba ne, in ba da zafi ba, ba ya lanƙwasawa, karyewa yake. Ina ɗaga sandar tuƙin da matsefata sai na ji ƙas, rabinta ya yi tsalle ya faɗa cikin yashin tsakar gida. Na tankaɗe yashin nan da rariya har la'asar, ban gan shi ba. In an ce a aiko da wata daga Turai wata biyu ne, ni kuwa na san ba mu da wata biyu. Na fita bayan gida na karyo ƙayar aduwa, na kankare ta, na ɗiga mata gam a kai ya zama ɗan mariƙi, na shafa baƙin fenti, na kafa ta a gaban kujera. Ta zauna daram. Ban gaya wa kowa ba, kuma kunya ta hana ni cin abinci ranar.

Ran Juma'a da hantsi na kai masa, a kan faranti. Inna ta tallafe shi da matashi, ta buɗe taga, na miƙa masa madubinsa. Ya kai ido, ya matso, ya ja baya, ya juya wajen haske. Ya daɗe yana yi kafin ya ajiye madubin a kan ƙirjinsa.

"Duhu ɗai nika gani. Hwaɗa mini, mi ad da mi ciki?"

Na faɗa masa. Na ce ga jar kujera da ɗamara biyu sun sauko ta kafaɗa, ga agoguna tara kowanne da farar allurarsa, ga matakan ƙafa na ɗan goge fentin bakinsu kamar an daɗe ana takawa, ga wata 'yar jaka a gefe ta ajiye takarda. Yana ji yana gyaɗa kai. Sai ya sa ƙaramin yatsansa a ciki, yana rawa, ya shafa kujerar, ya gangaro, ya tsaya a kan sandar. Ya murza ta sau biyu. Na ga bakinsa ya motsa.

"Wagga ƙayar aduwa ta."

Na fashe da kuka na faɗi gaskiya duka, har da rariyar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi da ya yi kiwo ba takalmi, ko a mafarki ya taka ƙayar aduwa zai gane ta, kuma kada in kuskura in cire.

Bai ɗauke yatsan ba. Ya rufe ido, ya ce mu yi shiru, ga shi mun tashi. Muryarsa ta yi ƙasa, ya riƙa faɗa mana abin da yake gani. Ya ce ga hayaƙin kamfani ya koma ƙarƙashinmu, ga motocin siminti jere a hanyar Ƙonni kamar tururuwa. Ya ɗan karkata yatsan, ya ce mun juya arewa, ga tabkuna suna walƙiya, ga geron Tajaye ya yi kai, kore shar har inda ido ya tsaya, babu fara ko ɗaya. Ni da Inna muna zaune a bakin gado, kuma wallahi na ji iska a fuskata, ko da yake na san tagar ce.

"Ga wani yaro can bakin gona da tuta," in ji shi. "Ya ɗaga kai shina kallona. Hindu, ki ce mishi shi tahi gida, na gani."

"Na hwaɗa mishi, Malam," in ji Inna.

Ya zare yatsansa, ya ce mini yanzu ina iya rufewa. Na ce sai gobe in ya ji sauƙi mu rufe tare. Bayan la'asar ina wanke kwanuka na ji salatin Inna ta kan katanga. Kafin magariba maza sun dawo daga maƙabarta.

Sai ranar sadakar uku, bayan mata sun ragu, na iya ɗaukar farantin. Na shiga ɗakin da Inna take takaba na zauna kusa da ita, na shafa gam a bakin ɓari biyun, na haɗa su. Jar kujerar ta shige, ƙayar ta shige, ba abin da ya rage sai ɗan ja ja ta taga. Na ce mata sai an riƙe shi gam na ɗan lokaci kafin ya kama, in ba haka ba zai buɗe.

Ta ce in ba ta. Ta karɓe shi da hannu biyu ta ɗora a cinyarta, ta matse shi tsakanin tafukanta, carbinta yana lilo a wuyan hannu. Gam ɗin ya daɗe da bushewa, na sani, amma ban ce mata komai ba, ita kuma ba ta sake shi ba.