Koriyar Takardar Ɗakin Gerrit

A shekarar 1858, a garin Zutphen, aka kama Aleida Hoving bisa zargin ta zuba wa mijinta Gerrit gubar ɓera a abinci. Wata shida ya yi a kwance yana fama da amai kafin ya cika. Alƙali ya aika wa Wessel Terpstra, mai kantin magani, da yankin hantar mamacin, don shi kaɗai ne a garin ya iya sabon gwajin da ke tono guba daga jikin gawa.

Wessel ya haɗa kwalabensa, ya sa hantar a ciki, ya kunna wuta, ya kara farantin tangaran a bakin harshenta. Baƙin tabo mai sheƙi ya fito. Gubar ce, ba tantama, kuma wannan tabon ya isa a rataye mace.

Kafin ya sa hannu a takardar shaida, sai ya leƙa kurkuku. Ya ƙare wa matar kallo. Gashinta ya kakkarye, tafin hannunta ya yi kaushi irin na mai shan gubar a hankali.

"Baiwar Allah, ke ma ba ki da lafiya ne?"

"Tun muna jinya, ranka ya daɗe. Amma tunda aka kulle ni nan na fara jin dama. Ka taɓa jin kurkuku ta warkar da mutum?"

Daga nan bai zame ko'ina ba sai gidan mamacin. Ɗakin jinyar danshi ne da warin tafarnuwa, bangon kuma an manne shi da koriyar takardar ado. Ya kankari kaɗan ya je ya gwada. Farantin ya yi baƙi ƙirin. Wessel ya zauna daɓas, sannan ya tashi ya kai wa alƙali labari: gubar a takardar bangon take.

Alƙali ya ce, "To, bangon kake so in rataye?"

"A kawo takardar nan kotu, in gwada a gabanka."

Aka gwada sau uku, aka sallami Aleida. A bakin ƙofa Wessel ya yi mata bayani cewa gubar daga koren launin takardar bangon ta fito, yana tsammanin za ta yi murna.

"Ni na zaɓi launin," in ji ta. "Ni na manna ta da hannuna, don ɗakin ya yi masa kyau."

Ta dafe bango don kada ta faɗi, sai kuma ta janye hannun da sauri.