Jiran Gwarzon Kogi a Tashar Malanville

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin gari ya haukace a kan littafi ba sai a kan na ɗiyarmu Samiha. Malanville fa, inda mutum ba ya tsayawa ya saurare ka sai in zancen albasa ne ko shinkafa. Amma tun da aka fara yawo da bangon littafin nan a waya, daga bakin gada har cikin kasuwa babu hirar da ake yi sai ta Gwarzon Kogi.

Gwarzon Kogi jarumi ne da yarinyar ta ƙirƙiro da alƙalaminta. Masunci ne kamar kowa, amma in kwale-kwale ya kife, ko ruwa ya ci unguwa, sai ya rufe fuska da shuɗin rawani ya faɗa kogi. Yana wuni ƙarƙashin ruwa bai numfasa ba. Birginsa kuwa, wato tarunsa na jifa, in ya jefa shi, babbar mota ma sai ya jawo ta gaɓa. 'Yan shafuka kaɗan masu buga littafin a Kwatano suka saki don su ja ran mutane, suka ce sauran sai littafi ya fito. To, sun ja.

Ni ce Habsatou, ƙanwar ubanta, kuma ni na goye ta. Bandar kifi nake sayarwa a kasuwa. Ban yi lakol ba, wato boko, amma zanen Samiha ba ya neman lakol. Ruwan da ta zana, sai ka rantse in ka taɓa wayar yatsanka zai jiƙe. Gadarmu ce a ciki, da manyan motocin da ke layi a gaban duwan, wato ofishin kwastan, har da matan da ke wanki a bakin kogi. Yarinyar da ta gama mini da bangon ɗaki da gawayi tana ƙarama, yau ga ni ina tare mutane a hanya ina cewa su zo su ga aikin ɗiyata.

Wanda ya fi kowa zaucewa shi ne Harouna ɗan kabu-kabu, magidanci da gemunsa da iyalinsa. Har ya sa aka zana masa Gwarzon a tankin babur. Duk motar Kwatano da ta shigo tasha yana wurin, daga nan sai rumfata.

"Gwaggo Habsatou, ta yau ma ta zo, babu kwalin littattafan. Mi anka ce ne? Ko sai mun mutu?"

"Kai Harouna, tahi ka nemi na cefane. Gwarzon Kogi ba shi ciyar maka da gida."

Mutum ɗaya ne a duk garin bai ce uffan ba, shi ne yayana Mamudu, uban yarinyar. Samiha ɗiyarsa ce ta fari, shi kuwa mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunanta ba tun ranar da aka raɗa shi. Ba ya yabonta, ba ya zama inda ake zancenta. In ya zama dole ya ambace ta, sai ya ce mini "ɗiyarki". Da abokansa masunta suka tsokane shi a bakin kogi cewa kafaɗun Gwarzon da tafiyarsa duk nasa ne, tashi ya yi ya tura kwale-kwalensa ya bar musu wurin.

Samiha ta riga littattafan isowa gida daga Kwatano, don ta karɓe su da hannunta. Wata safiya muna juya kifi a kan murhu, na ga ta yi jugum.

"Gwaggo, masu buga littahi sun ce in hwara na biyu. Wani biro kuma, wato ofis, na kirana aiki can Kwatano, na cika takardun kaya. In Baba bai son abin ga, na aje alƙalami, in karɓi aikin."

Na ce, "Ke! Wa yac ce miki bai so? Ba ki san kunyar ɗan hwari ba?"

"Na san ta, Gwaggo. Amma mai kunya shiru shika yi, mai hushi ma shiru shika yi. Ni ban san wane shiru na na Baba ba. Ba ni ƙare rayuwata bisa abin da ubana ka tashi shi bar wuri in an yi zancenai."

Ni ma ban sani ba. Na yafa mayafi na sami Yaya a gindin mangwaro yana gyaran taru. Na yi magana, na yi lallashi, na kai ga yi masa tsiwa irin ta ƙanne. Kansa bai ɗago ba. Da na gaji, sai ya ce, "Ɗiyarki ta, Habsatou." Wallahi ranar na ji haushin yayana har cikin raina.

Littafi kuma ya ƙi zuwa. Yau a ce ba a gama ɗinke shi ba, gobe a ce motar ta lalace a hanya, a garin Kandi. Ana cikin haka Harouna ya zo mini da wani labari, yana ƙunshe dariya.

"Gwaggo, kin san wa ka zuwa tasha kullum? Baba Mamudu. Shi zo shi tsaya nesa, shi ce wai zaren taru shika jira daga Kwatano."

Zaren taru! Mutumin da tun muna yara a Gaya, nan ƙetaren gada, yake sayen zarensa. Na garzaya na gaya wa Samiha, ina murna. Ta dube ni ta ce wataƙila dai zaren yake jira. Taurin kai kam a gidanmu ba sai an je nema ba.

Ranar kasuwa kwalin ya iso. Muna rumfa muka ji ihu daga wajen tasha, muka bar kifi muka ruga. Mun tarar ana sauko da shi daga saman mota, jama'a sun yi cincirindo, har wani jandarma ya matso yana leƙe. Harouna ya riga ya kwance igiyar baburinsa zai ɗaure kwalin. Sai ga Yaya ya ratso mutane da farar rigarsa.

"Ku dakata. Wanga kaya na ƙanwata na."

Ya durƙusa, ya cicciɓi kwalin, ya ɗora a kai. Dattijon da samari ke rige-rigen karɓar masa ko da ƙwaryar goro ce. Ya bi ta tsakiyar kasuwa, ta layin masu albasa, ta gaban masu atamfa, 'yan kabu-kabu na biye da shi suna danna oda. Bai yi sauri ba, bai kuma waiga ba. Ni da na san shi, na ga yadda ya miƙe wuya. Ban taɓa ganin ya burge ni kamar ranar ba.

Ya sauke kwalin a rumfata. Samiha na tsaye dab da shi, ko kallon inda take bai yi ba. Kafin ya juya na farke kwalin, na zaro littafi ɗaya na cusa masa a aljihu. Bai karɓa da hannu ba, bai kuma mayar ba. Ya tafi abinsa.

Kafin la'asar kwali ya koma fanko. Harouna ya karanta nasa a tsaye, fasinja na kiransa yana ɗaga musu hannu. Samiha ta yi ta murmushi tana amsa barka, amma da muka koma gida sai ta ce, "Kin ji dai abin da yac ce, Gwaggo. Kayanki ya ɗauka." Ta shiga ɗaki ta fara haɗa jakarta, don ta yi wa mutanen biro alkawarin amsa in ta koma.

Washegari da hantsi sai ga sallamar Yaya a ƙofar gidana. Na shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna ya ba ɗakin Samiha baya, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar gida da kasuwa. Sannan ya zaro littafin daga aljihu. Gefensa har ya lanƙwashe don juyawa. Ya buɗe shafin ƙarshe ya ajiye a gabana, ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba.

"Habsatou, wane irin aiki na wanga? Diba. Ga mutum ƙarƙashin gada, tsohon taru ya riƙe mai ƙahwa, ga ɗiyar mutane goye bisa bayanai, ruwa na ƙaruwa. Sai kawai takarda ta ƙare! Haka aka barin mutum?"

"To Yaya, ai sai a na biyu."

"Na biyun yaushe?"

Na ce ni ma ban sani ba, amma mai littafin tana ciki, yana iya tambayarta. Ya yi kamar bai ji ni ba. Ya rufe littafin a hankali, ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya mayar aljihu.

Can sai muka ji muryar Samiha daga bayan labule, da ji ka san kuka take yi.

"Gwaggo, ki ce mishi za a hiddo shi."

Yaya ya miƙe, ya sa takalmansa. Sai da ya kai bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki ce mata ina jira."